Jan Kafet a Ɗakin Agogo

Mubarak, ajiye cokalin nan ka maimaita abin da ka ce, kowa ya ji. Wai Baba Habu ya baro Zariya ya zo Doha don ya saita agogo, abin da wayarka take yi da kanta kana sharar barci. To madalla. Ku da kuka zo karatun digiri na biyu da na uku, duk wanda ba ku gan shi yana cika allo da lissafi ba, a wurinku ɗan rakiya ne. Ku ci shinkafarku ni in yi magana, kuma duk wanda ya leƙa waya kafin in gama, shi zai wanke tukunyar Hajiya.

Aikina na farko a gidan tarho ne a Kaduna, ƙarƙashin wani Injiniya Dauda, mutum mai zafi kamar barkono. Layin da ya haɗa mu da Jos yana ta katse wa mutane magana, kana cikin gaisuwa sai ka ji ƙit. Mutanen Jos suka ce agogon na'urarmu ne ke gudu, mu muka ce nasu ne ke jan ƙafa. Ni da zumuɗin sabon shiga na ɗauko sukurdireba zan murɗa namu. Ya buge min hannu, ya ce wa ya gaya maka namu ne? Ya ce agogo biyu in suna gardama ba ka da alƙali, sai ka nemo na uku wanda bai san su ba. Daga nan ya hana ni taɓa kowane agogo, ya ba ni tsumma da kwalbar sifirit, na yi wata da watanni ba abin da nake yi sai goge bakin waya. Na tsine masa a zuciya ba adadi. Allah Ya jiƙansa, har yau da abin da ya koya min nake ci.

Bayan nan na yi wa bankuna aiki, kuma a can na san halin masu ba da aiki. Wani manaja a Kano ya kira ni a daidaita masa na'urorin rassansa, don a daina rigimar wane ciniki ya riga wane shiga. Na ce sai an zaɓi agogo ɗaya da sauran za su bi. Ya nuna min na bangon ofishinsa, mai ruwan zinare, wanda ya sayo a hanyar Umara. Na ce ranka ya daɗe, wannan batir yake ci, kuma yanzu haka yana baya. Ya ce ai shi ne babba a nan, yaya za a yi agogonsa ya bi na ɗakin janareta? Sai da na saita na gaskiyar a ɓoye, na bar masa nasa yana mulki a bango.

To a nan Doha abin ya wuce nan. Cibiyar da nake wa aiki tana da gini biyu, ɗakin gwaji a wajen Rayyan, da rumbun na'urori a Sana'iyya, can cikin garejoji da manyan motoci. Wayar gilashi ce ta haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa. A cikinta ake aika mabuɗin sirri a kan ƙwayoyin haske, ɗaya bayan ɗaya, abin da kuke kira sadarwar kwantum. Masu sayar da kayan suna cika baki cewa ɓarawo ba zai iya taɓa hasken ba, yana taɓawa zai lalace a gane. Gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa wa mai saye shi ne, ɓarawo mai hankali ba ruwansa da hasken, agogon zai nema.

Ga dalili. Na'urar da ke kama hasken a Sana'iyya ba ta zama ido buɗe. Tana buɗewa ne na ɗan ƙiftawa, daidai lokacin da aka yi alkawarin ƙwayar za ta iso. Don haka dole agogon Rayyan da na Sana'iyya su yi baki ɗaya, kuma ba maganar sakan ake ba, maganar ɗaya bisa biliyan na sakan ake. A wannan ɗan lokacin haske yana tafiyar kamar taƙi guda na hannunka a cikin wayar. Yadda muke saitawa, mu aika walƙiya ta waya ɗaya ta je can, ta dawo ta ɗaya wayar, mu raba lokacin biyu. Wannan lissafin yana tafiya ne kawai in hanyar zuwa da ta dawowa tsawonsu ɗaya. Ɓarawo ba sai ya yanke komai ba. Ya ƙara wa ɓangare ɗaya 'yar waya, shi ke nan ya tura agogon can gefe, na'ura ta riƙa buɗe ido lokacin da shi yake so. Shi ya sa muka ajiye mai gadi a Sana'iyya, wani agogon atom da bai fi akwatin rediyo ba, wanda ba ya bin kowa. In ya ga ɗan'uwansa ya yi tsalle, sai ya yi kururuwa, wayoyin aljihunmu duka su ɗauka.

Kayan aikina kuwa ba su cika jaka ba. Na'urar liƙa gilashi da gilashi, madubin duba bakin waya, da tsummana da sifirit ɗin nan dai na Injiniya Dauda. Ƙura ɗaya wadda idonka ba ya gani ta isa ta sa ka kwana uku kana zagin kamfanin da bai yi maka komai ba. Kowace waya a ɗakin agogo da ke Rayyan na auna ta da hannuna, na san tsawonta kamar yadda na san tsawon wandona. In zafi ya shigo ƙasa ta ɗau wuta, wayoyin suna miƙewa, amma tare suke miƙewa, don haka ba ya damuna.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce shekarar da aka kawo mana sabon Mudir, wato shugaban cibiya. Kada ku ce mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Mutum ne mai son baƙi. Ga dabino, ga gahawa, ga turaren wuta, kuma duk wanda ya sauka a filin jirgi da kwat sai an kawo shi ya ga kwantum. Ranar da na tarar da kaskon turare yana hayaƙi a ɗakin agogo, kusa da bakin wayoyina, na yi abin da ba a yi wa Mudir, na ɗaga murya a gaban mutane. An fitar da turaren. Ni ma an fitar da ni, don daga ranar duk sanda za a yi baƙi, sai saƙo ya iso cewa ana nemana da gaggawa a Sana'iyya. In je in zauna da mai gadin ƙofa muna shan shayin karak.

Mai yi wa baƙi bayani ita ce Dakta Rukayya, 'yar Gombe. Ita ta rubuta lissafin da mai gadin agogo yake aiki da shi, kai, yarinyar nan tana da kai. Amma Mudir ba don lissafin yake sonta ba. Tana jin Larabci, tana jin Turanci, ga hijabi, ga farar rigar ɗakin gwaji, hoto yana fita da kyau. Ita ce kafil ɗin gidanta, takardar zaman mijinta da ta yaranta biyu duk a kan aikinta suke rataye. Kun san abin da wannan yake nufi a ƙasar nan.

Sai kururuwa ta fara. Ina zaune a Sana'iyya wayata ta ɗauka, agogon wurin ya yi tsalle, irin tsallen da littafi ya ce ɓarawo ne ke jawo shi. In shiga mota in faɗa cikin tirelolin nan, kafin in kai Rayyan baƙi sun tafi, agogo ya koma daidai, ɗaki fes, kowace waya tana inda na bar ta. Haka aka yi ta yi. Na bi layin nan rami-rami cikin rana, ina buɗe murfi ina leƙawa, har wani ɗan sanda ya tambaye ni abin da na yar. Na lura ranar baƙi abin ke faruwa, na roƙi a bar ni in tsaya a ɗakin ko sau ɗaya. Sakataren Mudir ya ce insha Allah, irin insha Allahun nan da ke nufin ka je gida.

Aka ɗauko ƙwararru daga waje. Suka sauka a otal mai kyau, suka ci kifi, suka zo da rana tsaka ranar da ba baƙi, suka auna komai suka ga lafiya lau. Suka ce to lalle ɗan gida ne. Aka kafa kwamitin tsaro, kwamiti ya duba ƙofar ɗakin, wadda ba ta buɗewa sai da kati, ya ga duk ranar da aka yi kururuwa katin Dakta Rukayya ya shiga. Yo ba dole ya shiga ba, ita ce mai bayani! Na ce musu ku duba da kyau, kururuwar tana riga ta isowa, tana hanya ma ake farawa. Shugaban kwamiti ya gyaɗa kai ya ce wannan ya ƙara nuna gwanintarta. Na ce me ya sa sai ranar baƙi? Ya ce ai a cikin baƙin mai sayen sirrin yake. Duk abin da na kawo don in wanke ta, sai su karɓa da godiya su ƙara a kan laifinta.

Suka karɓe katinta, suka ce ta zauna a gida har a gama bincike, kuma kada ta bar ƙasa. Ranar na ga ta fito da jakarta, ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, “Baba, kai ma ka yarda na yi?” Na ce, “Dakta, in kin yi, to ni na koya miki.” Ta yi ɗan murmushi ta wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abinci.

Mu ma namu ba mu yi abin kirki ba, kuma ku saurara, don ku ne manyan gobe a garin nan. Ran Juma'a in an taru, mijinta yana miƙa hannu sai gaisuwa ta gajarce, kowa ya tuna ya bar mota a rana. Matan da ke cika falonta a Al Sadd suna cin dambun nama suka ɗauke ƙafa. Likitoci ne fa da injiniyoyi da malaman jami'a, amma kowa yana tsoron a ga motarsa a ƙofar gidan. Wani ma cewa ya yi dama shi tun farko ya ga idonta a buɗe yake.

Sannan zafi ya shigo, manya duka suka tafi hutu, baƙi suka ɗauke. Ba baƙi, ba kururuwa. Kwamiti ya ce kun gani ko, tun da aka cire ta layi ya zauna lafiya. Ba abin da ya rage sai Mudir ya dawo ya sa hannu a sallame ta, kuma wanda aka sallama da sunan cin amanar tsaro, ba wata cibiya a duniya da za ta sake ba shi ko mabuɗin banɗaki.

Da gari ya fara sanyi Mudir ya dawo, kuma kafin ya zauna an ce manyan baƙi na tafe. Saƙona ya iso kamar kullum, ana nemana da gaggawa a Sana'iyya. Na ce yau kam gaggawar ta jira. Ina idar da asuba na wuce Rayyan, na shiga ɗakin agogo, na ja kujera bayan manyan akwatunan na'ura na zauna da carbina.

Gari ya waye sosai sai na ji ana buɗe ƙofar baya. Wannan ƙofar ta ofishin Mudir ce, mabuɗi gare ta irin na da, ba ta tambayar kowa kati, kuma kwamiti bai taɓa kallonta ba, don ba a binciken ƙofar manya. Sakatare ya shigo da tukwanen fure, bayansa ma'aikatan kamfanin ado biyu ɗauke da naɗaɗɗen jan kafet. Babban cikinsu ya ajiye, ya nufi wata rawayar waya da ta ratsa tsakiyar ɗaki a cikin 'yar magudanarta ta roba. Ita ce wayar zuwa. Ya zare ta a hankali, ya naɗe, ya buɗe jakarsa ya fito da wata rawaya doguwa, ya bi da ita ta gindin bango, ya soke ta a gurbin waccan. Har da goge mata baki, ka rantse Injiniya Dauda ne ya koya masa. Bai gama miƙewa ba wayata ta fara kururuwa a aljihu.

Na fito. Sakatare ya kusa sakin fure. Na ce wa mutumin, bawan Allah, me ka yi yanzu? Ya ce, “Mafi mushkila, ba damuwa baba, duk rawaya ce. Mudir ya ce kada baƙo ya ga waya, kuma kafet ba ya kwanciya a kan tudu. In sun tafi ina mayar da taku.” Na ce ɗayar fa, ta dawowa? Ya ce ai waccan ta bayan akwati ta bi, ba mai ganinta, me zai sa ya taɓa ta? Ikon Allah! Abin da muka kashe shekaru muna tsoron wani gawurtaccen ɓarawo zai yi mana, ga shi ana yi mana shi da ladabi duk ranar baƙi, kuma cibiya ce ke ɗauko mai yin.

Na ce kada wanda ya motsa. Na kira shugaban kwamiti, na kira Mudir, na ce ɓarawo yana hannu. Suka iso da sauri, Mudir har ya sa alkyabbarsa ta tarbar baƙi. Na cire doguwar na mayar da tawa, kururuwa ta tsaya. Na cire tawa na mayar da doguwar, ta ɗauka. Mudir ya ce in sake. Na sake. Shugaban kwamiti bai kalli wayar ba, fuskar Mudir yake kallo, yana jira a gaya masa abin da ya gani.

Mudir ya shafa gemu, sai ya yi murmushi ya ce, “Mumtaz, madalla. Abin da nake son in gwada ke nan. Na so in ga ko na'urar za ta kama ƙaramin canji, da kuma ko ma'aikatana a farke suke.” Wallahi sai na ji tafi. Shugaban kwamiti ne ya fara, sakatare ya ajiye fure ya taya shi, har mai kafet ya tafa don ya ga ana yi. Baƙi suna isowa aka ba su labarin atisayen tsaro da Mudir ya shirya a ɓoye, suka yi ta jinjina kai. Daga baya har allon yabo aka ba shi, yana nan a bangonsa.

Ni kam haushi ya cika ni. Na tare shi a baranda na ce, ranka ya daɗe, Dakta Rukayya fa? Ya ce, “Wa? Af, Dakta! Khalas, shi ke nan, ta dawo ran Lahadi.” Ya sa aka miƙo min katinta. Na ce a rubuta cewa an wanke ta. Ya ce wanke ta daga me, ai hutu ta tafi. Har na juya ya ƙara da cewa ran Lahadin akwai wasu baƙin, ta shirya, ita za ta yi musu bayanin atisayen.

Da la'asar na ɗauki matata Hajiya muka tafi Al Sadd. Dakta ta buɗe mana ƙofa, ta rame har na so in kasa gane ta. Falon nan wayam, ba kujera ba labule. Ta riga ta sa kayan a jirgin ruwa, mijinta kuma ya tafi da yaran Gombe don kada shekarar karatu ta wuce su, ita ta zauna jiran hukunci. Ta jawo mana kwali biyu muka zauna, tana ta ba mu haƙuri wai ba ta da abin shimfiɗa.

Na ba ta katin, na ba ta labarin tun daga ƙofar baya har tafi, na isar da saƙon ran Lahadi. Ta yi dariya, ta yi dariya, har Hajiya ta matsa ta riƙe ta, don dariyar ta riga ta zama kuka. Da ta natsu ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, “Baba, abu ɗaya nake roƙo. Ƙaramar tawa, Hanifa, ta ji yara suna cewa mamanta ta yi sata a wurin aiki. A filin jirgi ta tambaye ni, na ce mata ƙarya ne. Ta ce to me ya sa ba zan bi su ba. Ni ta riga ta ji daga bakina. Ka gaya mata da bakinka, tana ganin girmanka.”

Ta kira Gombe ta bidiyo ta miƙo min wayar. Ga yarinya da kitso biyu, haƙoran gaba sun fita, ta durƙusa ta gaishe ni ta cikin waya. Na ce, “Hanifa, ki saurari Baba. Mamanki ba ta ɗauki komai ba. Yau aka gano, kowa ya gani da idonsa.”

Ta ce, “To wa ya yi?”

Na dubi uwar, na dubi katin a hannunta, ran Lahadi za ta koma ƙarƙashin mutumin nan. Na ce, “Kafet ne, 'yata. Wani jan kafet.”

Ta ce, “Shi ma an kore shi?”

Na ce mata a'a, yana nan, ran Lahadi ma za a shimfiɗa shi.